Dangantakar Lamba da Sarari a Tunanin Ɗan Adam Daga Haihuwa Zuwa Girma

1.0 Gabatarwa

A littattafan lissafi na firamare akan ja layi, a sa sifiri a hagu, sannan 1, 2, 3 su biyo baya har zuwa dama. Malamai da yawa suna ɗaukar wannan layi tamkar abin da yake a fili, wanda ba ya bukatar bayani. Amma in an natsu za a ga akwai abin tambaya a ciki. Lamba dai ba ta da jiki, ba ta da mazauni. Biyar ba ta zaune a hagun shida kamar yadda gidan wani yake zama a hagun gidan maƙwabcinsa. To, me ya sa hankalin ɗan Adam yake ba lambobi wurin zama? Da wannan ɗabi'a aka haife shi, ko koyonta yake yi?

Wannan maƙala za ta bi diddigin al'amarin daga jariri sabon haihuwa har zuwa baligi, bisa ga abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano. Za a yi amfani da kalmar "sarari" da nufin hagu da dama, sama da ƙasa, kusa da nesa, da tsawo da gajarta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, saiwar wannan dangantaka halitta ce, amma inda layin yake fuskanta da yadda aka raba tazararsa aikin harshe ne da rubutu da makaranta. Wannan kuwa ya shafi ɗan Bahaushe ƙwarai, domin yakan tashi da rubutu iri biyu masu kishiyar alkibla.

2.0 Shaidar Harshe

Kafin a leƙa ɗakin gwaji, ya kamata a saurari abin da Hausa kanta take cewa. A dubi waɗannan misalai:

(1) Farashin gero ya hau. Farashin gero ya sauka.
(2) Mutum sama da ɗari. Mutum ƙasa da ɗari.
(3) Sun doshi ɗari. Sun kai ɗari. Sun wuce ɗari.
(4) Wajen mutum goma. Kusan mutum goma.
(5) Daga ɗaya zuwa goma. Tsakanin goma da ashirin.

A misali na (1) da na (2) yawa hawa ne, ƙaranci kuwa sauka. Asalin wannan ba boyayye ba ne, domin duk wanda ya ga ana zuba hatsi a tsibi ya san gwargwadon yawansa gwargwadon tudunsa. A misali na (3) kuwa ƙidaya ta zama tafiya, ɗari ta zama zango wanda ake dosa, a kai, a wuce. A na (4) kalmomin "waje" da "kusa" na bigire ne tun asali, aka aro su don kintace. Har ila yau, idan Bahaushe ya ce "ashirin ba biyu" ko "ashirin gaira biyu" yana nufin 18, ya hango zangon da ke gaba ne, sannan ya ja da baya taki biyu.

Akwai kuma abin da babu shi cikin misalan nan, wanda ya cancanci a lura da shi. Hausa tana da sama da ƙasa, tana da kusa da nesa, amma ba mai cewa farashi ya yi dama yana nufin ya ƙaru, ko ya yi hagu yana nufin ya ragu. Ke nan jerin hagu zuwa dama, wanda shi ne makaranta ta dogara a kansa, ba daga magana yaro yake samunsa ba. Tilas a nemi tushensa a wani wuri.

3.0 Layin da ke Cikin Zuci

A shekarar 1880 Francis Galton, wani masani ɗan Ingila, ya ba da rahoton cewa akwai mutanen da, in sun tuna lamba, sukan gan ta a zuci a wani ƙayyadadden wuri, bisa layi miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa, kuma wurin ba ya sakewa. Irin waɗannan mutane tsiraru ne, saboda haka aka daɗe ana ɗaukar abin a matsayin baiwar wasu kawai.

A 1967 sai Moyer da Landauer a Amurka suka nuna cewa abin ya game kowa. Sun riƙa nuna wa manya lambobi biyu-biyu, su faɗi wadda ta fi girma, ana auna saurinsu. Aka tarar mutum ya fi saurin rarrabe 2 da 9 a kan 8 da 9. Haka kuma ya fi saurin rarrabe 2 da 3 a kan 8 da 9, ko da yake bambancin ɗaya ne a duka biyun. Watau hankali yana yi wa lambobi irin kallon da ido yake yi wa itatuwa a bakin hanya: waɗanda ke nesa da juna suna da sauƙin rarrabewa, waɗanda suka yi wa mai kallo nisa kuwa sai su cunkushe.

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda Stanislas Dehaene da abokan aikinsa suka yi a Faransa, suka buga a 1993. Mutum yana zaune gaban kwamfuta da madanni biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Lamba tana fitowa, shi kuwa aikinsa ya nuna ko cika ce, watau mai rabuwa biyu daidai, ko mara ce. Ba wanda ya tambaye shi girman lambar. Duk da haka aka ga ƙananan lambobi, kamar 1 da 2, an fi saurin amsa su ta hagu, manya kuwa, kamar 8 da 9, ta dama. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, mai yin gwajin ma bai san yana yi ba. Da aka sa mutane suka gitta hannuwansu, sai abin ya bi gefe, bai bi hannu ba. Daɗin daɗawa, 4 da 5 sun karkata dama sa'ad da ake gwaji da 0 zuwa 5, amma suka koma hagu da aka yi da 4 zuwa 9. Ashe ke nan lamba ba ta da kafaffen gida. Matsayinta cikin 'yan'uwanta shi ne yake ba ta gefe.

Wata shaidar ta fito daga asibiti. Wasu daga cikin waɗanda suka sami lahani a ɓarin ƙwaƙwalwa na dama sukan daina kula da abin da ke hagunsu. In an ba su layi su nuna tsakiyarsa, sai su zarce zuwa dama. A 2002 Zorzi da abokansa a Italiya suka tambayi irin waɗannan majinyata da baki, ba tare da rubutu ba, wace lamba ce tsakiyar lambobi biyu. Sai suka zarce zuwa manyan lambobi, har a sami mai cewa tsakiyar 11 da 19 ita ce 17. Cutar da ta ɓata musu hagun takarda ta ɓata musu hagun ƙidaya. Wannan ya dace da abin da hotunan ƙwaƙwalwa suka nuna, cewa sassan da ke aikin kimanta yawa da masu aikin karkata hankali zuwa wani gefe maƙwabtan juna ne, a saman ƙwaƙwalwa ta wajen baya.

4.0 Matakan Girma

4.1 Jariri

Jariri ba ya magana, amma idonsa yana ba da labari, domin yakan daɗe yana kallon abin da ya ja hankalinsa. Da wannan dabara Maria Dolores de Hevia da abokan aikinta suka yi gwaje-gwaje a Faransa da jarirai 'yan kwanaki kaɗan da haihuwa. A rahotonsu na 2014, an jiyar da jariran gaɓoɓin sauti 6 ko 18, ana nuna musu layi gajere ko dogo. Da aka ƙara yawan sautin ko aka rage, sai kallonsu ya nuna sun bambanta layin da ya bi sautin, watau ya ƙara tsawo da ƙaruwarsa, da wanda ya saɓa masa. A 2017 kuma suka ba da rahoton cewa jariran suna haɗa kaɗan da hagu, mai yawa da dama.

Abin bai tsaya ga ɗan Adam ba. A 2015 Rosa Rugani da abokanta a Jami'ar Padova ta Italiya suka koya wa 'yan tsaki masu kwana uku neman abinci a bayan wani kwali mai ɗigo 5. Daga baya aka ajiye musu kwali biyu iri ɗaya, hagu da dama. In kowanne yana da ɗigo 2, sai su nufi na hagu kusan sau 70 cikin 100. In kowanne yana da 8, sai su nufi na dama. Waɗanda aka koya wa da ɗigo 20 kuwa, hagu suka kai 8, suka kai 32 dama. A 2022 aka sami makamancin wannan ga ƙudan zuma. Ɗan tsako bai taɓa ganin littafi ba, saboda haka ba za a jingina abin ga karatu kaɗai ba. Bayanin da masana da dama suka karkata gare shi shi ne, ɓarin ƙwaƙwalwa na dama, wanda ke lura da hagu, ya fi ɗan'uwansa ƙarfi a aikin sarari, don haka hankali yakan fara daga hagu.

Sai dai a yi hattara. Abin da jariri yake da shi kintace ne na yawa da ƙaranci, da ɗan karkata mai rauni. Bai san 7 ba, balle ya san tazararta da 8.

4.2 Kafin Shiga Makaranta

Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya bayyana wani gwaji a littafinsa na 1941 wanda kowace uwa za ta iya maimaitawa da tsakuwa. A jera tsakuwa shida, a jera wasu shida a ƙarƙashinsu daura da juna. Yaro mai shekara huɗu zai yarda daidai suke. A buɗa jeri ɗaya ya ƙara tsawo a kan idonsa, sai ya ce wannan ya fi yawa. Daga baya wasu manazarta sun nuna cewa yadda aka yi tambayar yana da hannu cikin kuskuren, kuma yara sun fi sanin yawa fiye da yadda Piaget ya zata. Duk da haka gwajin ya nuna cewa a wannan mataki tsawo da yawa a cakuɗe suke. Haɗin da jariri ya zo da shi ya zama abin da yaro zai koyi kwancewa kafin ya sake ɗaura shi bisa ƙa'ida.

A waɗannan shekaru ne kuma al'ada take fara sa hannu. A wani nazari na 2012, Shaki da Fischer da Göbel sun jera wa yara abubuwa suka ce su ƙirga. Yaran Ingila waɗanda ba su fara karatu ba galibinsu daga hagu suka soma, yaran Falasɗinawa kuwa daga dama. Ba su iya karatu ba tukuna, amma sun sha ganin yatsan manya yana bin layi, sun ga ta inda ake buɗe littafi.

4.3 Shekarun Firamare

Robert Siegler da abokan aikinsa a Amurka sun yi amfani da gwaji mai sauƙi. Akan ba yaro layi mai 0 a farko da 100 a ƙarshe, ba wata alama a tsakani, a ce ya nuna inda wata lamba za ta zauna. A rahoton 2004, yara 'yan shekara biyar zuwa shida sukan ba ƙananan lambobi fili mai yawa, har 15 ta nufi tsakiyar layi, sannan su cusa 60 da 70 da 90 a ɗan abin da ya rage. 'Yan aji biyu kuwa sun riga sun daidaita tazarar. Amma rahoton 2003 ya nuna cewa in an ba 'yan aji biyu layin 0 zuwa 1,000, sai su koma gidan jiya. Sai a manyan azuzuwa wannan ma yake daidaita.

Masana sun saɓa kan fassarar wannan. Wasu suna ganin surar lamba ce take sakewa a zuci, wasu kuwa suna ganin yaro ne yake ƙara sabo da manyan lambobi, yana kuma koyon auna rabi da kwata. Abin da aka haɗu a kansa shi ne, fahimtar cewa tazarar 1 da 2 daidai take da tazarar 91 da 92 koyonta ake yi, zango bayan zango. An kuma sha samun cewa yaran da suka fi iya wannan gwaji su ne suka fi cin jarrabawar lissafi.

5.0 Rawar Rubutu da Al'ada

Tun a aikin 1993, Dehaene ya gwada 'yan ƙasar Iran mazauna Faransa, waɗanda suka tashi da rubutu mai farawa daga dama. Waɗanda ba su daɗe da zuwa ba karkatarsu ta yi rauni ko ta juya, waɗanda suka daɗe kuwa sun yi kama da Faransawa. A 2009 Shaki da Fischer da Petrusic suka kwatanta rukuni uku. 'Yan Kanada sun nuna karkata daga hagu zuwa dama. Falasɗinawa masu karatu da Larabci sun nuna akasin haka, ƙananan lambobi a dama. 'Yan Isra'ila kuwa, waɗanda suke karanta Ibrananci daga dama amma suke bin lambobi daga hagu, ba a sami tsayayyar karkata gare su ba. Sabon nan biyu sun yi kunnen doki.

Al'ummomin da makaranta ba ta ratsa su sosai ba sun ƙara haske. Mundurukú na dajin Amazon a Birazil kalmomin ƙidayarsu ba su wuce wajen biyar ba. A rahoton 2008, da aka ba su layi mai ɗigo 1 a wannan baki da ɗigo 10 a wancan, sun gane aikin, amma manyansu ma 3 ko 4 suka sa a tsakiya, kamar ƙananan yaran Amurka. Yupno na Papua New Guinea kuwa suna da ƙidayar da ta wuce ashirin, amma a rahoton 2012 manyansu da ba su yi makaranta ba bakin layi biyu kawai suka yi amfani da su, suka bar tsakiya fayau. A 2021 aka ga Tsimane na Bolibiya suna jera katuna daga kaɗan zuwa mai yawa, sai dai wani ya fara daga hagu, wani daga dama.

Yaya za a daidaita wannan da labarin jarirai da 'yan tsaki? Wani nazari na 2025 a kan Himba na Namibiya ya ba da hanya. Manyansu da ba su yi karatu ba ba su fifita wani gefe ba in an ce su jera katuna da gangan, amma a gwajin da ke auna abin da mutum yake yi ba da saninsa ba an sami karkatar hagu zuwa dama. Ke nan hawa biyu ne: akwai ɗan karkata na halitta a ƙasa, akwai kuma sabon al'ada a bisansa, wanda yake iya ƙarfafa shi, ko ya danne shi, ko ya juya shi.

6.0 Ɗan Bahaushe Tsakanin Allo Biyu

Yaro a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yakan fara riƙe allon karatu kafin ya ga allon aji. Yatsansa ya saba bin baƙaƙe daga dama, ya kuma ga ana buɗe littafi ta ɓangaren da ɗan Ingila zai kira ƙarshe. Tarbiyya ma tana ƙarfafa wannan: da dama ake ci, da dama ake karɓa, in ana rabon abu a majalisa daga dama ake somawa. Ranar da ya shiga firamare kuwa sai a ja masa layi, a ce farko yana hagu.

Idan aka yi ƙiyasi da binciken da ya gabata, halinsa ya fi kama da na masu sabo biyu. Ana iya sa ran alkiblarsa ta danganta da yawan mu'amalarsa da ajami ko boko, har ma da irin rubutun da ya karanta dab da lokacin gwaji. Wannan hasashe ne, kuma gwada shi ba ya bukatar tsada. Tsakuwa goma a jere, da takarda mai layi, sun isa ɗalibin babban digiri ya kwatanta almajirin tsangaya da ɗan firamare da wanda ya haɗa biyun da ɗan kasuwar da ke lissafi da ka.

Akwai sauƙi guda da Hausa ta yi wa ɗanta. Ta ari ashirin da talatin har zuwa casa'in daga Larabci, amma ba ta ari jerin Larabci mai gabatar da ɗaya a kan ashirin ba. "Ashirin da ɗaya" ta yi daidai da 21 yadda ake rubuta ta, gomomi kafin ɗaiɗai.

Ga malamin aji kuwa, abubuwa uku ne suka fito. Na farko, yaron da ya fara ƙirga daga dama, ko ya juya jerin lambobi, bai cancanci a kira shi daƙiƙi ba, wata ƙa'ida ce ya zo da ita, sai a faɗa masa a fili cewa a lissafin boko daga hagu ake farawa. Na biyu, tun da Hausa ta riga ta ce "sama da" da "ƙasa da" da "hawa" da "sauka", layi a tsaye kamar tsani zai fi saurin shiga kai, daga baya a kwantar da shi. Na uku, wasa yana da amfani. A 2008 Ramani da Siegler sun sa 'ya'yan talakawa 'yan shekara huɗu zuwa biyar a Amurka yin wani wasa mai gidaje 10 a jere, masu lamba 1 zuwa 10, yaro yana faɗin lambar kowane gida in ya taka. Zama huɗu kawai, jimlarsu wajen awa guda, suka inganta sanin lambarsu, kuma amfanin yana nan bayan mako tara. Waɗanda suka yi wasan da gidaje masu launi ba lamba ba su sami wannan ƙaruwa ba. Irin wannan gidaje yaranmu suna zana su a ƙasa don 'yar gala-gala. Abin da ya rage shi ne a miƙe su, a daidaita faɗinsu, a rubuta lambobi a ciki.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jariri yana zuwa duniya da haɗin yawa da tsawo, tare da ɗan karkata zuwa hagu. Kafin ya shiga makaranta, abin da yake gani a hannun manya ya fara ba shi alkibla. Makaranta ce take daidaita tazara, rubutu kuma ya kafe gefen da ake farawa. Hausa ta tanadi hawa da sauka da dosa da wucewa, ta bar hagu da dama ga allo. Saboda haka masu tsara littattafan lissafi da Hausa, da masu ƙirƙiro kalmominsa, ya kamata su gina a kan abin da harshen ya riga ya shimfiɗa, su kuma koyar da layin lambobi a matsayin darasi mai zaman kansa, kamar yadda ake koyar da baƙi da wasali.